Kassimu Mai Ƙwallon Daɓe

Kassimu taubashina ne. Mahaifiyarsa, Gwaggo Furera, ƙanwar babana ce, don haka tun muna yara nake kiransa bawana, shi kuma ya ce da ni Ɗan Iya sarkin ragwaye. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada wani ya ji ina zolayarsa a labarin nan ya ɗauka ƙiyayya ce. Haƙƙina ne, haihuwa ta ba ni.

Ƙauyenmu yana gabas da Makoɗa, kuma duk wanda ya san ƙasarmu ya san ba mu da abin da ake kira fili. Gona na jingine da gona tun daga bayan katangar gida har iyakar ganinka. Ko filin firamare, muna 'yan aji uku aka fara yankar gefensa ana shuka gyaɗa, kafin mu gama makarantar babu inda za a kafa raga. Da rani muke buga ƙwallo a gonar da aka girbe, cikin tushiyar kara, shi ya sa duk sa'anmu za ka same shi da tabo a ƙafa. Da damina kuwa sai dai a jefa ƙwallon ƙarƙashin gado.

A cikinmu Kassimu ne ya iya ƙwallo, wannan kam ko ni ba zan danne masa ba. Amma da ya tasa, gida na bukatar abin sawa a tukunya, sai ya bi sahun samari zuwa Libiya aikin leburan gini. Ya yi 'yan shekaru a can ya dawo yana ɗingishi, domin bulo ya rufto masa a ƙafar hagu, aka yi ɗori bai kama daidai ba. Kowa ya zaci zai shigo gari da sabon babur. Da aka buɗe jakarsa sai ga wata 'yar ƙwallo mai nauyi, wadda in ka buga ta da ƙasa ba ta tashi, sai ta kwanta kamar an yi mata laifi. Gwaggo Furera ta juya ta, ta sake juyawa, ta ce, "Kassimu, ita ce ta karya maka ƙafar?"

"Inna, wannan ta futsal ce," in ji shi. Ya ce a garin da suka yi aiki, in an tashi da yamma, mutane kan taru su buga ta a kan siminti, a wurin da bai fi tsakar gidan mai unguwa ba. Mutum biyar-biyar ake yi, da tafin ƙafa ake tare ta, ba a doguwar tsere. "Da na gani sai na ce, ai wannan don mutanen garinmu aka ƙirƙiro ta, mu da ba mu da fili."

Daga ranar bai ƙara barin kunnenmu ya huta ba. Ya buɗe rumfar faci a bakin titin da ke zuwa Ɗambatta, ya auri Sakina, suka haihu, amma ko taya ya tsoma a ruwa yana neman inda ta huje, zancen ɗaya ne. Ya ce a can ya ga gasar da ƙungiyoyi ke zuwa daga ƙasashe daban-daban, kowace da rigarta, mai horarwa yana tsaye a bakin fili yana ba yaransa umarni. Ya ce shi ƙafa ta riga ta tafi, ba zai ƙara bugawa ba, amma kafin ya bar duniya sai ya tsaya a bakin irin wannan fili da yaran ƙauyenmu. Ni kuwa sai in ce, "Bawana, ka gama facin nan tukuna, mai babur na jira."

Sai shekarun nan masu wuya suka shigo. Aka cire tallafin mai, kwanon masara ya zama abin da ake kallo daga nesa, gidaje da yawa suka koma ɗora tukunya sau ɗaya, wasu har da afafata, tsakin shinkafar da a da kifi ake zuba wa. Masu babur suka jingine baburansu, don haka facin ma ya ja baya. Samari suka fara zamewa, wasu haƙar zinare, wasu Legas, waɗanda suka rage suna yini a gindin darbejiya ido jajir. A irin wannan lokaci, da duk mai hankali ke neman inda zai ƙara soka ƙwayar gero, a nan bawana ya tashi bayan girbi ya ce zai mai da gayaunarsa filin ƙwallo.

Gayaunar nan ita ce 'yar gonar da ya gada daga mahaifinsa, nan bayan gida. Ba ta da faɗi, amma ƙasa ce da ta sha taki, tana ba shi geron da zai kai su wani wuri. Ban da ita ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa. Yayansa Iliyasu ya same shi a rumfar faci, ina zaune.

"Kassimu, ƙwallo za ka dafa wa Sakina?"

"Yaya, ina da hannu, ina da sana'a."

"Sana'ar da ba mai zuwa? Ƙasar da Baba ya yi shekara da shekaru yana kai wa taki da jaki za ka rufe da tsakuwa?"

"Kasona ne, Yaya. Ban taɓa naka ba."

Iliyasu ya kaɗe riga ya tafi, bai ƙara amsa gaisuwarsa ba sai da aka yi Sallah. Ni ma bayan Iliyasu na bi, kuma har gobe ba zan ce Iliyasu ya yi kuskure ba.

Siminti dai ko a mafarki bai samu ba a wannan tsada. Gwaggo Furera ce ta kawo mafita, ba don tana son ƙwallo ba, sai don ta gaji da ganin ɗanta yana zagaya gonar yana auna ta da igiya kamar mai neman abin da ya ɓata. A zamaninta ita ake kira in za a yi daɓen ɗakin amarya. Ta tara tsofaffin ƙawayenta, ta sa aka yi ta jigilar marmara da jakuna daga tsohon ramin bayan gari, aka jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawar da ake yayyafa ruwansa don daɓe ya kama ya yi ƙarfi. Amma ɗakin amarya daban, gona daban. Kafin a ci kusurwa ɗaya tsofaffin nan sun kama ƙugu. Gwaggo ta ce, to, masu son ƙwallo su zo su ɗauki madaɓi.

A garinmu namiji ba ya daɓe. Ba haramun ba ne, amma ba a taɓa gani ba, kuma duk wanda ya yi ya san zai sha dariya har jikokinsa. Samarin da Kassimu ya tara suka tsaya cirko-cirko, kowa na kallon ƙasa. Sai bawana ya naɗe hannun riga, ya zauna dirshan ya miƙe gurguwar ƙafar gefe, ya ɗauki madaɓi ya fara bugu a tsakiyar tsofaffi. Wallahi gari ya fito kallo. Ni na yi dariya har da hawaye, na tambaye shi ko a kawo masa zane ya ɗaura. Ko ɗago kai bai yi ba. Da yamma ta yi yaro ɗaya ya durƙusa kusa da shi, washegari suka zama uku, daga nan kunya ta fita. Tsofaffi na ba da waƙa, ƙarti na amsawa da madaɓi, har aka gama. Wurin ya fito ja-ja baƙi-baƙi, sumul, ka ce a shimfiɗa tabarma a kwanta.

Kalmar futsal ba ta zauna a bakin mutanenmu ba, sai suka ce ƙwallon daɓe, shi kuma ya zama Kassimu mai ƙwallon daɓe. Da ƙwallon Libiya ta mutu, sai ya riƙa farke ƙwallo ta kasuwa yana cusa mata audugar rimi ya ɗinke, don ta yi nauyi ta daina tsalle. Kullum bayan la'asar za ka ji muryarsa tun daga masallaci. "Tafin ƙafa! Na ce tafin ƙafa, ba gudun kare ake yi ba!" Yana da faɗa, yana da naci, in yaro ya makara sai ya je har gida ya tsaya a zaure ya yi ta sallama har sai an turo shi. In damina ta ɓata daɓen, da kaka su sake ɗaukar madaɓi. Gidansa kuwa sun ji jiki a shekarun nan, na sani, domin sau da yawa daga gidana ake kai wa Sakina tsaba.

Cikin yaran, biyu ne ginshiƙai. Abdussalam tela shi ne kyaftin, mai sanyin kai. Sai Khalilu mai tsaron raga, dogon yaro mai hannu kamar faranti, ɗan Malam Usaini. Malam Usaini malamin allo ne kuma manomi, dattijo marar yawan magana, kuma Khalilu ne kaɗai namijin da ya rage masa a gida. Bai taɓa zuwa kallon wasa ba. Sharaɗinsa kawai shi ne kada ƙwallo ta taɓa salla, kada ta taɓa gona.

Sannu a hankali suka fara fita. Sun buga da 'yan Ɗambatta, sun je Dawakin Tofa, har birni sun shiga sun buga a kan siminti na gaske, inda 'yan birni suka yi musu dariyar takalma kafin wasa, bayan wasa kuma suka nemi lambar waya. Wani ya ɗauki wasan a waya, hoton ya yi ta yawo har ya faɗa hannun wani Badamagare da suka yi leburanci tare da Kassimu a Libiya. Ashe mutumin yana cikin masu shirya wata gasa ta ƙananan ƙungiyoyi a Damagaram, da za a zo daga Nijar da Chadi da Kamaru da Najeriya, tun da an sake buɗe iyaka. Ya kira Kassimu ya ce akwai gurbi, masauki da abinci na kansu, su dai su kawo kansu. Ranar bawana ya zo gidana ba takalmi, ya manta da su a rumfa.

Da ya faɗa mini lokacin gasar sai na ce, "Bawana, waɗannan mutanen ba sa noma ne?" Domin daidai faɗuwar damina suka sa ta. Kuma duk yaran nan nasa su ne masu saran gidajensu. A wurinmu ranar da ruwan shuka ya sauka babu wani zance a duniya sai shuka. Mai ƙarfi ya riƙe sungumi yana gaba yana sara ramuka, yara da tsofaffi na biye suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. In ka bari danshin ya wuce, sai ka jira wani ruwan, wanda ba ka san ranarsa ba.

Kassimu ya san haka, don haka ya bi iyayen gida-gida yana roƙon a yi binne, wato a shuka iri cikin busasshiyar ƙasa tun kafin ruwa, in ya sauka ya tarar da shi. Yaransa za su yi aikin duka kafin tafiya. Babu wanda ya yarda. Bara waɗanda suka yi binne sun ji a jikinsu, domin yayyafi aka yi, irin ya tsiro, rana ta ƙone shi. Bana kuwa ɗan irin da ke gindin rumbu shi ke nan, da yawa sun hana 'ya'yansu ci ne suka ajiye shi. Ba wanda zai yi caca da shi saboda ƙwallo. Ban ga laifinsu ba, ni ma ban yi binnen ba.

Sai aka shiga kallon sama. Gari duka na roƙon ruwa, bawana kuwa ya rasa irin addu'ar da zai yi. Ba zai ce kada a yi ruwa ba, tun da shi ma tuwo yake ci. Roƙonsa dai shi ne ko ya zo da wuri a gama, ko ya ɗan jinkirta su dawo. Ya rame, kullum wuyansa a sama. Muhammadu Sani direba, ɗan garinmu mai bas, ya riga ya yi alkawarin kai su, Abdussalam ya ɗinka riguna, har da ta mai horarwa.

Ranar jajibirin tafiya, bayan la'asar, gabas ta haɗe. Aka yi ruwa irin wanda ake jira, mai nauyi, wanda in ka tona ƙasa har wuyan hannu danshi ne. Yara suka fito suna tsalle, tsofaffi na hamdala. Na tarar da Kassimu a rumfarsa yana tsaye, ruwa na zuba ta ɓular kwano a kafaɗarsa, bai ko matsa ba. Kafin magariba saƙon iyaye ya fara iso masa, kuma duk magana ɗaya ce: gobe shuka.

Da wani ne da ya haƙura, amma ba Kassimu ba. Ana idar da sallar magariba ya tsaya a ƙofar masallaci ya tare iyayen. Ya ce su ba shi rabin yini kawai. Yaransa duka za su haɗu su yi gayya, su bi gonakin ɗaya bayan ɗaya tun daga asuba, in an gama su hau mota. Muhammadu Sani ya ce zai jira har azahar, fiye da haka ba za su tarar da iyaka a buɗe ba, kuma wasansu na farko da hantsin jibi ne, wanda bai zo ba an cire shi. Iyayen suka dubi juna suka ce Allah ya taimaka.

Na ga gayyar nan da idona ina kan hanyar tawa gonar, kuma ban taɓa ganin sara irin wannan ba. Yaran sun jera kafaɗa da kafaɗa, sungumi na tashi tare yana sauka tare, Kassimu na ɗingishi a gefe da usur a baki kamar a filin wasa. Masu zuba iri har gudu suke don su cim musu. Su gama wannan gona su tsallake iyaka su faɗa waccan, ko ruwa a tafe suke sha. Da na dawo da rana don in yi musu sallama, na tarar sun gama duka, saura ɗaya. Sun fara da na kusa da gari ne don sauri, suka bar ta nesa a ƙarshe, ita ce kuwa mafi girma, gonar Malam Usaini, can kan jigawa, maƙwabciyar tawa.

Bas na tsaye a gindin darbejiya, yaran sun watsa ruwa sun sa riguna, Muhammadu Sani na danna ham. Kassimu ya sa tasa sabuwar rigar, ta ɗan yi masa yawa a kafaɗa. Sai ga Malam Usaini ya taho a hankali yana dogara sanda.

"Malam Kassimu," in ji shi, "na ga ƙoƙarinku, Allah ya yi albarka. Ba ƙin tafiyar nake yi ba. Amma ka san gonar nan jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, jibi war haka ta bushe. Irin da ke buhuna shi ke nan gare ni. Zuba iri zan iya, ni da 'yan matan gida, amma bayana ya daina ɗaukar sungumi. Ka samo mini mai sara, Khalilu ya tafi."

"Allah ya gafarta Malam, a ɗauki ɗan ƙwadago mana," in ji wani daga cikin yaran.

"A ina?" Malam ya ce. "Yau a garin nan wa ke da hannun da ba shi da aiki?"

Gaskiya ya faɗa. Ranar shuka ko ka zo da abin duniya ba ka samun mutum, kowa na kan tasa. Ni kaina tawa ko rabi ban yi ba. Kuma tafiya ba Khalilu wasa ne, domin yaron da ke gwada tsaron raga in ba ya nan, ta tsakanin ƙafafunsa ƙwallo ke wucewa. Khalilu ya sunkuyar da kai ya fara cire riga.

Na ga Kassimu ya dubi motar, ya dubi yaran, ya dubi hanyar jigawa. A duk faɗin garinmu namiji ɗaya ne ba shi da gonar da zai shuka a ranar, domin tasa tana ƙarƙashin daɓe. Ya cire usur daga wuyansa ya rataya wa Abdussalam.

"Khalilu, mai da rigarka. Malam, ga mai sara."

Wuri ya kaure. Yaran suka ce in ba shi ba su ma ba sa zuwa. Khalilu na kuka yana cewa gonar ubansa ce, shi ya kamata ya tsaya. Kassimu ya daka musu tsawa irin wadda ya saba. "Ni in na je tsayuwa zan yi a gefe. Kai in ba ka je ba raga a buɗe take. Abin da na sani duk na zuba muku, ba abin da ya rage a cikina. Ku hau mota, rana na yi!"

Na ja shi gefe na ce, "Kassimu, ka haukace? Wannan fa ita ce ranar da ka dame mu da ita tun kana saurayi. Kuma da wace ƙafar za ka sare jigawar nan?"

Ya ce, "Da wadda ta rage. Ɗan Iya, matsa mini."

Bai tsaya ganin tashin motar ba. Ya tuɓe sabuwar rigar ya ba wata yarinya ta kai wa Sakina, ya karɓi sungumin Khalilu ya saɓa a kafaɗa ya kama hanya. Ina biye da shi a baya muka ji bas ta hau titi ta nufi Kazaure, bai waiwaya ba. Tausayinsa ya kama ni har na rasa abin da zan tsokane shi da shi, haka muka isa jigawa.

Ya yi sara har rana ta faɗi, washegari tun da duku-duku ya dawo. Daga tawa gonar ina hango shi, yana jefa ƙafar kirki gaba yana jawo ɗayar, sungumi na sauka. Malam Usaini na biye da ƙwaryar iri, 'yarsa Hafsatu da ƙannenta na bin sauran layukan. Ƙafar ta kumbura har ta cika bakin wando, Malam ya ce ya huta, ya ce sai an kai ƙarshe.

Kada wani ya jira in ce sun ciwo kofi. Ba su ciwo ba, wasa ɗaya suka ci a gasar duka, sauran aka cinye su, suka dawo da labari da ƙwallo ta gaske guda biyu. Amma duk wannan daga baya ne.

Da hantsin rana ta biyun nan ta sara, wayata ta yi ƙara. Muhammadu Sani ne daga Damagaram, bayansa hayaniya kamar kasuwa. Na yar da sungumina na tsallaka iyakar gona da gudu na ce, "Ga su nan, za a fara! Ajiye ka ji."

"Biyo ni da ita," in ji shi. "Danshi ba ya jira."

Haka muka jera, shi yana sara, ni ina gefe riƙe da waya a saitin kunnensa, Malam Usaini na baya yana zuba iri kamar ba ya jin komai. Muhammadu Sani ya ce wurin rufaffe ne, ƙasan na sheƙi, da 'yan Chadi za a kara. Ya ce an kira masu horarwa su fito su gaisa, Abdussalam ne ya fita a madadin namu. Na ga sungumin Kassimu ya shiga ƙasa fiye da yadda ake bukata.

Aka fara, kafin ka ce me an zura musu ɗaya. "Ka ce su daina tsere!" Kassimu ya yi ihu a kan wayar. "Tafin ƙafa! Ka faɗa wa Abdussalam ya ja baya!" Muhammadu Sani ya ce shi direba ne, kuma ko ya faɗa ba mai jin sa. Layi ya yanke, ya dawo, ya sake yankewa. Da ya dawo sai muka ji yana cewa an ba 'yan Chadi fanareti. Can sai ihu. "Ya tare! Wallahi ya tare!"

"Wa ya ce ya tare?" Muryar Malam Usaini ce daga baya.

"Khalilu, Malam," na ce.

"To," in ji shi, ya ci gaba da zuba iri.

Ba a jima ba wayar ta kusa fashewa a hannuna. Muhammadu Sani ya daina magana, kururuwa kawai yake yi yana kiran sunan Abdussalam, da ƙyar muka gane namu ne suka rama. Kassimu bai yi tsalle ba, bai yi ihu ba, bai kuma tsaya ba. Ya ci gaba da sara, hawaye na zuba suna haɗuwa da gumi, ba ya ko ganin gabansa. Sai da na riƙe masa hannu ya tsaya. Muka waiwaya, ashe ya saki layi tun can baya, ramukan sun karkace sun yanka cikin layin Hafsatu sun nufi gonata.

Ya goge fuska da gefen hannu, kunya ta kama shi. "Malam, a gafarce ni, na ɓata maka layi. Bari in koma in gyara."

Malam Usaini ya tsaya ya daɗe yana duban karkataccen layin, sannan ya dubi kumburarriyar ƙafar. Ya ce, "Bar shi yadda yake." Ya gyara riƙon ƙwaryarsa, ya bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya yana zuba iri yana rufewa, har ya iso inda Kassimu ke tsaye.